Bitrus Kwalbati da Sandar Sarkin Ruwa

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka raka Bitrus makwancinsa a bayan garin Haɗejia. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa, don ni da lissafi tun a aji huɗu muka raba gari, ranar da hedimasta ya dage cewa bakwai sau takwas abu ɗaya ne kullum, ni kuwa na ce ya danganta da yadda kasuwa ta ci. In an sami kuskuren shekara guda, a kai ƙara wurin hedimasta. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Masu karatu, ku yi haƙuri da rubutun tsoho. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni nawa ya daɗe a wuyana har mutane sun fara ɗaukarsa rawani. Amma akwai abin da na gani da idona, waɗanda muka gani tare kuwa sun kusa ƙarewa, saura ni da wani kurma a Guri.

Jikata Hadiza ce ta tayar mini da maganar. Ita nake kira uwargida in kakarta ba ta kusa. Tana aiki a wani babban kamfani a Abuja, a sashen da suka ce na kula da muhalli ne. Ta zo hutu da koriyar riga, ta nuna mini hoton manyansu sun taru a kan bishiya ɗaya suna dasawa, kowa ya riƙe shebur da yatsa biyu kamar mai taɓa tuwo da zafi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Kaka, akwai abin da ma'aikatarmu ke zubarwa a ƙoramar bayanta. Na faɗa har bakina ya gaji. In na matsa, kujerata ce za ta tafi." Na ce mata, uwargida, gyara zama in ba ki labarin wani mutum da bai iya iyo ba.

Wancan zamanin muna cikin jihar Kano, ba a yanke mana Jigawa ba tukuna. Soja ke mulki, sun hana shigo da alkama daga waje, sun ce kowa ya noma burodinsa. Sai ga wani ƙaton kamfani daga Legas da katafiloli, ya karɓi fadama a hanyar Guri, alkama da rani, shinkafa da damina. Sunansa ba zan faɗa ba. Ya mutu, kuma ba a tonon gawa. Ni an ɗauke ni tada injinan ban-ruwa, saboda na iya karanta jan rubutun da ke jikin inji, in fassara wa sauran yadda na ga dama. Daga nan Bitrus ya laƙaba mini Farfesa, har yau jikokina na zaton sarauta ce.

Bitrus mutumin Filato ne, daga can kan duwatsu, Kirista, dattijon cocinsu. Shi ne mai awon ƙasa na kamfani, babban ma'aikaci mai gidan kwano da babur da farar hular kwano. Gajere ne, ga tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ruwa kuwa yana tsoronsa kamar kaza. In za mu haye kogi a kwalekwale sai ya zauna a tsakiya, ya rungume na'urar awonsa, ya rufe ido yana waƙar coci, ba ya cewa amin sai mun taka tudu. Nakan ce masa, "Ɗan dutse, wa ya aike ka aikin ruwa?" Shi kuma ya ce, "Wanda ya aike ka aikin Turanci, Farfesa."

Don mutanen Kano da Zariya da ke zaton kifi a cikin kwando ake haifarsa, bari in yi ɗan bayani. Mu a nan arzikinmu yana zuwa ne a ƙarshen damina, lokacin da kogi ya cika ya tumbatsa, ya bi ƙoramu ya shiga tafkuna. Kifi ya biyo shi don ya zuba ƙwai. Manomi ya sami shinkafa, in ruwa ya ja ya shuka wake a danshi, Bafillace ya kawo shanu su ci ciyawar burgu, rijiyoyi su ɗauka. Ƙauyen Kuka Biyu, inda na auro matata Gambo, da tafkinsu suke rayuwa, ƙorama ɗaya ce kuma ke kai masa ruwa daga kogi.

Suna da wata al'ada tun kakanni. In kifi ya taru zai yi ƙwai, Sarkin Ruwa yakan kafa sanda a cikin ruwa ya ƙulla mata kaba a ka, liman ya shafa fatiha. An ɗaure ruwa ke nan. Daga ranar ba jefa koma, ba ƙugiya, tulun mata kaɗai aka yafe, har sai shi da hannunsa ya kwance kabar. Wanda ya karya ɗauri ba a dukansa. Kifinsa ne dai ba mai saye, sunan ɗansa ba mai zuwa, in ya yi sallama a majalisa kowa sai ya tuna yana da tari.

To kamfani ya gina jinga ta ƙasa a bakin kogi, tsayinta ya fi mutum, don ta tsare masa gona daga ambaliya. Jingar nan ta bi ta kan bakin ƙoramar Kuka Biyu ta toshe shi. Bitrus da hannunsa ya kafa turakun awo. Amma a tsarinsa ya sa kwalbati a bakin ƙoramar, ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa ya wuce. Har an sayo kwalbatocin an jibge a bayan sito. Sai Legas ta lura cewa cikin ƙoramar nan ƙasa ce mai kyau, in an toshe ta ita ma ta ba da shinkafa. Aka ce a toshe. Kwalbatoci suka zama masaukin ƙadangaru.

Da wani ne, da ya ajiye aiki ya tafi da mutuncinsa. Ko kuma da ya ja baki ya ci albashinsa, tunda an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bitrus ya zauna ya zame musu ƙaya a takalmi. Kowane taro aka yi, ko na taki ne, ko na tayar tarakta, ko na wanda ya sha shayin manaja, sai ka ga gajeren hannu ya tashi daga baya: maganar kwalbati fa? Har aka daina kiran sunan mahaifinsa, ya koma Bitrus Kwalbati. Na taɓa ce masa ya haƙura ko ya bar musu kayansu. Ya ce, "In na fita, wa zai riƙa ɗaga hannu?"

Da lokacin hutun rana yakan zo ƙarƙashin tsamiya inda mu ƙananan ma'aikata ke cin ƙosai, abin da babban ma'aikaci ba ya yi. A nan ya lallashi masu feshi suka daina wanke tankunan magani a kogi. A nan ya shawo kan direban katafila ya riƙa kewaye goriba maimakon ya bi ta kanta. Muna yi masa tsiya yana dariya. Wata rana ya ce, "Kamfani ba shi da hanci, ba ya jin wari. Mu ne hancinsa." Na ce to lallai kamfani ya yi rashin sa'a, don nawa hancin mura ta toshe shi. Amma maganar ta zauna.

Shekarun farko ba a yi rigima ba, don ruwan ma bai zo da yawa ba. Ga fari, ga manyan madatsu da aka gina can sama. Tafki ya ƙafe ya tsattsage, kowa ya ce daga Allah ne. Maza suka watse cirani, wasu har Tafkin Cadi. Sai wata shekara kogi ya zo da gaske. Ruwa ya cika ya tsaya jingim a jikin jinga, a ɗaya gefen kuwa ƙasa busasshiya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kifi ya taru a bakin ƙoramar nan yana neman hanyar iyayensa, har kana ganin ruwan yana motsi da kansa. A daidai nan injinanmu suke zuƙa. Kullum da safe da hannuna nake kankare 'ya'yan kifi daga ragar ƙarfen inji, in zubar. In na koma gida Gambo ta kawo abinci ta dangwarar, ni kuwa ba na tambayar ina miya.

Ambaliya kuwa baƙuwa ce, ba ta jiran mai gida ya gama shawara. Alamar ruwa a jikin itatuwa ta nuna ya daina hawa. Da zarar ya sauka ƙasa da bakin ƙorama, shi ke nan sai baɗi, kuma kowa ya san in aka kai baɗi ba za a iske kowa a Kuka Biyu ba sai kukokin. Bulaman ƙauyen ya yi ta sawu zuwa ofis har takalminsa ya san hanya. Amsa ɗaya ce: ana jiran Legas.

A yi wa Manaja adalci. Bakano ne, ya yi karatu a waje, ba mugu ba ne. Shi ma gaba damisa ce baya sayaki. Ruwan sama ya ɗauke da wuri, shinkafar kamfani ta yi ciki tana neman ruwa, rediyon oba-oba kuma kullum tana yi masa tsawa daga Legas kamar shi ya hana hadari.

Wata safiya na zo tada inji, sai na ga sanda tsaye a ruwa, daidai gaban bututun zuƙa, da ɗanyar kaba a kanta. Sarkin Ruwa Bukar, tsoho mai ido ɗaya, ya yanke hukunci cewa injin da ke niƙa 'ya'yan kifi shi ma masunci ne, kuma mafi mugunta a cikin masunta. Na mai da makulli aljihu na nemi wuri na zauna. Sauran masu inji suka zauna kusa da ni. Manaja ya iso a fusace.

"Ku ba Musulmi ba ne? Sanda kuke tsoro?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sandar ba ta cizo. Surukata ce ke cizo."

Aka yi 'yar dariya ta mutu nan take. Ya ce tsafi ne da camfi, kuma ba za a tsai da kamfani guda saboda itace da ganye ba. A nan ya yi kuskuren da ɗan gari ba zai yi ba. Ya ɗauka tsoron aljanu ne ya zaunar da mu, bai san doka ce ba, dokar da ta girmi ofishinsa da Legas ɗin gaba ɗaya. Ya aika a kira 'yan sanda.

Washegari da hantsi ga babbar mota cike da 'yan sandan kwantar da tarzoma a kan jinga. Ga mutanen Kuka Biyu da maƙwabtansu, wasu a kwalekwale, wasu a gaɓa, da fartanyoyi da diga da mashin kifi. Samarinsu sun gama shawara: su fasa jinga ta ko'ina suka samu. In kuwa suka fasa ta haka, ruwa ba ƙorama zai bi ba, gonar zai shafe, ya wuce barikinmu inda matanmu da 'ya'yanmu suke. Abu ɗaya ya riƙe su. Sarkin Ruwa ya ce muddin sandarsa na tsaye, magana tana hannunsa, ba mai ɗaga fartanya. In aka tuge ta, to an tuge bakinsa, kowa ya yi abin da ya ga dama. Duk wanda ke wurin ya san haka, ban da mutum ɗaya.

Manaja ya nemi Sufeton 'yan sanda ya sa a cire ta. Sufeto ya ce shi gadi aka turo shi, ba wanka ba. Manaja ya bi fuskokinmu da kallo, kowa ya sunkuya yana nazarin yatsun ƙafarsa. Sai idonsa ya faɗa kan Bitrus, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci dami a kala.

"Mista Bitrus, kai Kirista ne, kuma ba ka da suruki a nan. Wannan camfin bai shafe ka ba. Shiga ka tuge ta. In ka yi, maganar kwalbatinka ni da kaina zan kai ta Legas. In ka ƙi, ka ajiye mini makullin gida da na babur."

Ku duba irin tarkon. Abin da mutum ya yi shekaru yana roƙo, ga shi an miƙo masa, sai dai zai iso bayan ruwa ya tafi. Matarsa, Maman Ladi, malamar firamare, tana tsaye cikin matan bariki da goyo. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce kada ya yi ba. Abin da ta ce kawai, da muryar da kowa ya ji, shi ne, "Baban Ladi, ba ka iya ruwa ba."

Ya tuɓe takalmi ya jera su. Ya kwance agogo ya miƙo mini. Na matsa kusa na ce a hankali, "Ɗan dutse, bi ta dama, akwai rami a hagu inda inji ya ƙwaƙule. Kuma in ka tuge ta, yau sai an ɗauki gawa a nan." Bai dube ni ba. Wallahi ban san abin da zai yi ba, ina jin shi ma bai gama sani ba.

Ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Wurin ya yi tsit har kana jin kifi yana fantsama. Na ji ƙarar ƙarfe a bayana, 'yan sanda suna gyara bindigogi. A gaɓa fartanyoyi suka fara tashi sama ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Ruwa yana tsaye a kwalekwalensa, ya ɗaga hannu ɗaya yana tare samari. Ruwa ya kai wa Bitrus ƙirji. Saura taku kaɗan, sai mutumin naku ya bi ta hagu. Na ce dama, ya bi hagu, don Allah ku ji, mai awon ƙasa guda!

Ya nutse har hula. Maman Ladi ta ƙwalla ƙara. Ya taso yana laluben iska, hannunsa ya cafki abin da ya samu, abin da ya samu kuwa sandar ce. Ta karkace, ta fara fitowa daga laka. Gaɓa ta ɗauki ihu gaba ɗaya. Wani saurayi ya yi tsalle ya dira a gindin jinga da diga. Sufeto ya daka tsawa, bakunan bindigogi suka sauko daidai ƙirjin mutane. Na rufe ido ina salati, ina jiran ƙarar farko.

Da ƙarar ta zo, ba ta bindiga ba ce. Ƙwam, ƙwam, ƙwam. Na buɗe ido. Bitrus ya sami wurin taka ƙafa, ya miƙar da sandar, ya tuɓe farar hular kamfani yana buga mata a ka, yana tari yana bugawa, har ta shige laka fiye da yadda mai ita ya kafa ta. Kabar ta warware, ya sake ƙulla ta. Sannan ya rataye hular a jikin sandar, ƙasa da kabar, ya juyo. Tabarau ya tafi, ban san ko yana ganin Manaja ba, amma wajensa ya fuskanta.

"Ranka ya daɗe, ni ma'aikacinka ne, ban bar aiki ba. Yau sandar nan ce ke tsare maka jinga, ta fi bindigogin nan. Ba ni katafila da kwalbati, gobe injinka ya tashi." Ya tsaya ya yi numfashi. "Kuma don Allah wani ya zo, ƙafata ta kafe."

Masu rubuta tarihi su rubuta cewa Farfesa ne ya fara shiga. Kada su ce jarumta ce. Agogonsa na hannuna, in ya nutse za a ce da gangan na ce masa dama don in gaje shi. Amma da na waiwaya sai na ga direban katafila a bayana, ga masu feshi, ga mai sito, har akawun ofis da gogaggen wandonsa. Duk 'yan ƙarƙashin tsamiya. Da muka isa gare shi muka riƙe shi, sai kuma ba wanda ya juya. Muka tsaya a nan kewaye da sandar, ruwa iya wuya, kifi yana gogar ƙafafunmu.

Sufeto ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Manaja, an ce in tsare ma'aikatanka daga mutanen ƙauye. To ga ma'aikatan can a ruwa suna gadin sandar ƙauye. Wa zan tsare daga wa?"

Manaja ya daɗe a tsaye. A cikin motarsa oba-oba tana ta kiran sunansa. Na ga ya dubi shinkafarsa, ya dubi bariki, ya dubi saurayin nan mai diga da har yanzu bai sauke ta ba. Sannan ya ce wa direbansa, "Je ka ce musu batir ya mutu." Ya zaro makullin sito ya jefa a kan jinga, ya juya mana baya.

Aka shiga aiki, ma'aikata da mutanen ƙauye a haɗe, fartanyoyin da aka kawo don ɓarna su suka cika buhunan ƙasa da aka tare ruwa da su. Bitrus yana zaune a gaɓa cikin zanen matarsa yana rawar sanyi yana ba da umarni, ni ina faɗa masa abin da idonsa ba ya gani, da ɗan ƙari nawa. Katafila ta bi tsohon cikin ƙorama tana tuge shinkafar da aka shuka a ciki. Manaja bai kalla ba. Washegari bayan azahar aka janye buhuna, ruwa ya kutsa cikin kwalbati. A hankali ya tafi, yana shiga tsagogin ƙasa yana huci, bayan kifi yana ƙyalli a cikinsa, mata suna biye da shi da guɗa.

Sarkin Ruwa bai taɓa kabarsa ba sai da mahayi ya dawo daga Kuka Biyu da ƙwarya cike da ruwan tafki. Ya ɗanɗana, sannan ya tuƙa kwalekwale ya kwance ɗaurin. Ya ciro hular, duk ta lotse, ya miƙa wa mai ita. Ya ce, "Ɗan dutse, ga hularka. Amma ka koyi iyo." Na tada inji. Mafi yawan shinkafar kamfani ta tsira.

Da labarin tatsuniya ne da a nan zan ce ƙurunƙus. Legas ba ta mantuwa. Manaja aka ɗauke shi, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Bitrus ba a kore shi ba, sai aka karɓe na'urar awon da gidan da babur, aka tura shi gadin siton taki a Birniwa, inda ba kogin da zai dame shi. Iyalinsa suka koma ɗakin haya a cikin gari, alli da allon Maman Ladi suka riƙe gidan. Bai sake ganin ƙarin girma ba. Da aka buɗe ƙofar alkamar waje kamfani ya fara tangaɗi, yana cikin na farko da aka sallama. Ya zauna a Haɗejia yana auna wa mutane filaye har ciwo ya kwantar da shi. Duk shekara ranar da aka kwance ɗauri aka shiga kamun kifi a Kuka Biyu, babban kifin farko gidansa ake kaiwa. Ranar jana'izarsa masunta sun fi 'yan coci yawa, suka tsaya daga bakin shinge da hulunansu, ba su san waƙar ba amma ba su tafi ba sai da aka rufe.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau, me zai ce? Kamfanin da ya yi wa hanci babu shi, sai bangaye ba rufi da ƙwarangwal ɗin katafila da awaki ke hawa. Ina jin da farko zai yi murna ya ga yanzu kamfanoni har sashe suke buɗewa, su ɗauki mutum aiki don ya riƙa ɗaga hannu, abin da shi ya yi kyauta ya sha wuya. Sannan zai gyara tabarau ya tambaya ko ana kiran mai hannun in an zo yanke shawara, ko sai ranar hoto. Mu ma ba zai ƙyale mu ba. Ciyawar kacalla ta shaƙe ƙoramu. Ruwa wata shekara ya zo ya ci gari, wata shekara ya ƙi leƙowa. Kowace gaɓa ƙananan injina ne suna zuƙa, kowane manomi ya zama kamfanin kansa, ba kuma mai ɗaga masa hannu. Akwai masu su da gidan sauro, suna kwashe kifi tun yana kamar allura. Jikan Sarkin Ruwa Bukar har yanzu yana kafa sanda, wasu su girmama ta, wasu su wuce ta kamar turken akuya. Da Legas kaɗai ce mai laifi, da abin ya yi sauƙi.

Da na kai nan Hadiza ta ce, "Wato Kaka, in bari a kore ni ke nan?" Na ce ban ce ba, uwargida, ba kuma zan yi miki ƙarya in ce abin kyauta ne. Na ga Ladi ta tafi makaranta da takalmi mai ɗinki a kan ɗinki. Amma ki lura, ba a fafa gora ranar tafiya. Mutumin nan shekaru ya yi yana cin ƙosai tare da mu, shi ya sa ranar da ya shiga ruwa bai tsaya shi kaɗai ba. Ki fara neman tsamiyarki. Ta ninke koriyar rigar ta sa a jaka.

Malaman zamani suna da magana a kan addu'ar da zan yi masa da wadda ba zan yi ba, ni kuwa ɗan aji huɗu ba na jayayya da malamai. Na bar shi da Ubangijin da ya halicce mu duka, wanda ya ga abin da na gani ranar nan, kuma ya fi ni gani.

Kwanan baya na sa aka kai ni wurin a kan babur. Jinga ta zaizaye, amma kwalbatocin suna nan. Duk shekara kafin ruwa ya iso mutanen Kuka Biyu sukan yi gayya su sare kacallar bakinsu. In ruwa ya fito ta ɗaya gefen yakan yi ɗan gurbi mara zurfi, a nan yaran ƙauyen ke koyon iyo. Na tarar da su suna ta tsalle daga kan kankare. Na tambaye su sunan wurin, suka ce Bitrus. Na ce wane ne Bitrus? Suka dube ni kamar tsohon da ya ruɗe, suka ce ai ba mutum ba ne, wurin wanka ne, kowa a garinsu a Bitrus ya iya ruwa.

Ɗan dutse, ka ji. Kai dai har ka tafi ba ka koya ba.